Filin Mushe Isufu a Hanyar Ruwa

Ku samarin da kuke zaune a buro, wato ofis, kuna jan taswira da ɗan yatsa a fuskar na'ura, ina jin abin da kuke faɗa. Wai zaɓen wurin da za a yanka wa mutane filayen gini ba wani aiki ba ne, tauraron ɗan'adam ya gama komai daga sama, saura a ja layi a kasa filaye. Wani cikinku har ya ce mini yana dariya, "Baba Topo, ku dai wahalar banza kuka sha a rana." Ban tanka masa ba, don kada in faɗi abin da bai dace da furfurata ba. Yanzu zan tanka, kuma da tsawo.

Sunana Laminu, amma daga Gidan Rumji har Gazawa ba wanda ya san ni da shi. Topo ake kirana, sunan sana'a ya cinye na yanka. Aikinmu shi ne, kafin a ce wa talaka ga inda za ka gina ɗakinka, mu je mu auna ƙasar, mu zana ta, mu ce nan ya yi, nan bai yi ba.

A hannun Mushe Basil na koya, Mushe kuwa shi ne Malam da Faransanci. Mutumin Dahome ne, gajere mai tumbi, ya daɗe a ƙasar Maraɗi har Hausa ta zauna a bakinsa, ko da yake ba ta taɓa miƙewa ba. Na fito daga lakol, wato makarantar boko, a Yamai da takarda a hannu, ina hura hanci, ina zaton ranar farko za a ba ni nibo, wato na'urar hangen nan mai ƙafa uku da ake gane tudu da gangare da ita. Sai ya miƙa mini sandar awo, doguwa mai lambobi ja da baƙi, ya nuna wani wuri mai nisa cikin ƙaya ya ce, "Tafi tsaya can." Rani ya zo ya wuce ina tsaye can. Idan sandar ta karkata ko da kaɗan sai in jiyo shi daga nesa yana zagin kakannina da Faransanci.

Aikin da na fara gane abin da yake so in gane a bayan Cadawa muka yi shi. Muka isa wani fili shimfiɗaɗɗe kamar an share shi da tsintsiya. Ya ce, "Me ka gani?"

Na ce, "Fili mai kyau, Mushe."

Ya duƙa da ƙyar saboda tumbi, ya tsinto bawon katantanwa ya ɗora mini a tafin hannu. "Wannan da mota ya zo daga gulbi?"

Daga nan ya ja ni gindin wata giyayya, itaciyar da ba ta son zama sai inda ruwa yake kwana. Ya nuna mini busasshiyar ciyawa da ta maƙale a ɓawonta daidai cinyata, zagaye kamar ɗamara. Ya nuna mini baƙar ƙasa da ta tsattsage. Ya ce, "Ruwa ya sa hannu a nan. Kai ka yi lakol, ba ka iya karanta sa hannunsa ba."

Kayan aikinmu ba su da yawa. Nibo, sandar awo, sarƙar awo mai yanka hannu, da hotunan da jirgin sama ya ɗauka tun da daɗewa. Hotunan biyu-biyu ake jera su a ƙarƙashin wani madubi mai ido biyu, a sa ido, a yi haƙuri. Can sai ƙasar ta taso. Wallahi ranar da ta fara taso mini sai da na ja da baya. Tuddai suka miƙe, kwaruruwa suka nutse, hanyoyin ruwa suka fito sirara kamar jijiyoyin bayan hannun budurwa. Daga nan sai zane. Muna da wata takarda shara-shara da ake ganin abin da ke ƙarƙashinta. A guda mu zana tudu da gangare. A wata mu zana tabkuna da inda ruwa yake bi. A wata burtalin shanu, a wata maƙabarta da rijiyoyi, a wata irin ƙasar, jigawa ce ko laka ko geza. Sai mu ɗora su a kan juna, mu manna a gilashin taga. Inda hasken rana ya ratso fari fes, ba layin da ya taɓa shi, nan ne ake iya zaunar da mutane. Abin da na'urarku take yi ke nan cikin ƙiftawar ido, na sani, ban kuma raina ta ba. Amma ja layi bai taɓa zama mai wuya a sana'ar nan ba. Mai wuyar shi ne mutanen da za ka nuna wa layin.

Akwai wani gari kusa da Gangara inda muka kafa borni, duwatsun simintin nan da ake kafawa a kusurwar kowane fili. Muka dawo bayan kasuwa ta ci ta sake ci, ba ko ɗaya. Na yi ta faɗa ina cewa manoma ne suka tumɓuke. Sai maigari ya ja hannuna ya shiga da ni gidansa, ya nuna mini murhu. Borni uku, tukunyar tuwo a kai. Uwargidansa ta ce, "Allah ya yi wa gwamnati albarka, ɗana. Ba mu taɓa samun duwatsu kai ɗaya irin waɗanga ba." Irin wannan ba ya ɓata mini rai. Mun sake kafawa, muka bar musu tsofaffin.

Ina da wani hali da abokan aiki suke yi mini tsiya a kai. A akwatin nibo, ƙarƙashin tsumman goge gilashi, ba a rasa littafin soyayya, irin waɗanda ƴan kasuwa suke kawowa Maraɗi daga Kano. Da su nake hutun rana a gindin itace. Sun shiga jinina har cikin zane. Idan ina fitar da titi ba titi kawai nake gani ba, ina ganin itatuwan dogon yaro jere a gefensa, da dakali a ƙofar gida, da saurayi ya jingine keke yana jiran a aiko masa da tabarma. Ku yi dariya in kun so. Wanda bai ga mutane a cikin taswirarsa ba, kaji ma bai kamata a ba shi ya zaunar ba.

To, ga muguwar shekarar.

Lokacin da aka gama babban taron ƙasa ne, soja sun ja gefe, jam'iyyu sun fito kamar tsiron gero bayan ruwan shuka. Kada ku ɗauka ina cikin masu kewar kaki. Na yi murna kamar kowa, na saurari rediyo har batir ya mutu. Amma a shekarun nan komai sai an kafa masa komite, kuma kowace jam'iyya sai ta sa mutum nata a ciki. A wani gari a bakin kwalta tsakanin Agiye da Gazawa, wanda ba zan faɗi sunansa ba, gidaje sun cika sun batse, aka ce a yanka sabuwar unguwa. Aka kafa komite, aka ɗora Alhaji Mati a kai, mai motocin dakon kaya, mutum mai sanyin murya wanda ba ka taɓa ganin ransa a ɓace. Ni aka turo in duba wuri.

Wurare biyu ne. Akwai tudu a gabas da gari, jigawa mai faɗi, gonakin gero da suka gaji. Akwai kuma kwari a kudu, dab da kwalta, baƙar ƙasa a shimfiɗe. Na auna duka biyun, na jera takarduna a taga. Tudun ya fito fari tas. Kwarin kuwa, duk ruwan gonakin arewa da gari ta cikinsa yake da hanya, ta ƙarƙashin wata ƴar gada a kwalta. Abin da ya rufe wa mutane ido shi ne shekarun fari. An daɗe ba a yi damina ta kirki ba, yaran da aka haifa suka yi gemu ba su taɓa ganin ruwa ya kwana a wurin ba.

A garin ne na san Mushe Isufu, malamin lakol, ɗan Tibiri, dogo siriri mai yawan murmushi. A wani ɗakin ajiya na lakol yake kwana tare da karyayyun bencuna. Littattafai suka haɗa mu, in ba shi nawa ya ba ni nasa, mu zauna muna gardamar wace yarinya ce ta yi wauta a ciki. Shi ma yana da tasa. Zinaru, ƴar Malam Nomau mai sayar da aya. Tana son sa, yana son ta, duk gari ya sani, uban ma bai ƙi ba. Sharaɗi ɗaya ya kafa. Ya ce, "Mushe, kai baƙo ne, gobe takarda na iya ɗauke ka. Ba ni ba da ɗiyata ga mutumin da ba shi da bango. Ka nuna mani bango naka na kanka, in kira liman." Saboda haka duk sanda na shigo gari da nibo, Isufu yana biye da ni da ido kamar ni ne waliyyin amarya. A zanen da na yi na tudun har na zaɓar musu kusurwa a raina, mai kallon gabas.

Ranar da komite ya fita ganin wuraren, tsakiyar bazara ce, rana kamar ta sauko ƙasa. Da tudun aka fara. Motar Alhaji Mati ba ta kai rabin hawa ba ta kafe a rairayi. Manyan mutane da manyan riguna suka fito suna turi, taya tana watsa musu ƙasa a fuska, takalmin wani ya nutse sai da aka tono shi. Ba wanda ya kai saman tudun. Ba wanda ya ga yadda iska take kaɗawa a can, ko yadda ake hango gari duka. Da aka fitar da motar wani ɗan komite ya tofar da yawu ya ce, "Nan za a kawo mutane? Ko jaki sai ya yi tunani."

Sai kwari. Mota ta shiga sumul kamar a kan kwalta. A bakin wurin akwai manyan gawo, kun kuwa san halin gawo, da rani yake ganye. Inuwa ta lulluɓe ko'ina. Kafin mu sauka an shimfiɗa tabarmi, an kawo fura da ruwan randa. Mutanen da suka sha turin mota suka miƙe ƙafa suka ce alhamdu lillahi. Tun a nan na san an gama.

Duk da haka na shimfiɗa takarduna a kan bonet ɗin mota, na danne da duwatsu, na yi bayani da Hausar da kowa zai gane. Na nuna shuɗin layi, na ce wannan ruwa ne, kuma yanzu haka a kansa muke zaune.

Wani ya leƙa ƙarƙashin tabarma ya ce, "Ina shi?" Aka fashe da dariya.

Sarkin magina, shi kam da hujja ya zo. Ya ce, "Topo, a tudunka da mi za a yi tubali? Rairayi? Nan kowa ya tona ƙofar gidanshi ya samu laka. Can sai an yi dakon ta da amalanke. Talaka ba shi iyawa."

Na ce, "Gaskiya ne, Sarki. Amma ka tambayi kanka wa ya kawo lakar nan. Wanda ya kawo ta bai mutu ba, tafiya ya yi."

Wani matashi ɗan jam'iyya, da hular kamfen a kai, ya miƙe ya ce zamanin da mutum ɗaya zai zo daga buro ya yanke wa jama'a hukunci ya wuce, yanzu dimokuraɗiyya ake. Aka tafa masa. Alhaji Mati kuwa ya matso. Ya sunkuya a kan taswirar ya daɗe, ya ɗora yatsa a kan tudun ya ce, "Duk wanga farin, ba inda ruwa ke taɓawa?"

Na ce, "Ko ɗigo, Alhaji."

Ya gyaɗa kai a hankali. Har na ji sanyi, na ce na samu mutum ɗaya. Sai ya miƙe ya ce, "To, jama'a, a ɗaga hannu. Masu son kwari."

Hannuwa suka tashi, nasa a gaba. Ina tsaye ina kallon dattawa masu hankali, waɗanda ba za su sayi akuya ba sai sun duba haƙoranta, suna ɗaga hannu a kan inda ruwa zai bi. Ana zaɓen shugaba da hannu, ana zaɓen ranar kasuwa da hannu. Gangare ba ya sauraron rinjaye. Na faɗa musu haka da ƙarfi, har wani ya ce a yi mini uzuri, rana ce ta buge ni.

Tunda an ƙi tudu, sai na koma in ceci abin da zai cetu. Na sake zane a cikin kwarin. Na tura filayen gefe da gefe, inda ƙasa ta ɗan ɗaga, na bar tsakiyar fayau, faffaɗan fili tun daga gada har ƙarshen unguwa. Na rubuta a kai da jan alƙalami cewa hanyar ruwa ce, ba a gini. Na kafa borni da hannuna. Daga nan aka tura ni Gidan Rumji wani aikin kasuwa, na daɗe a can.

Da na dawo na tarar an yanka tsakiyar. Filayen ba su ishi rabon jam'iyyu ba, kowace tana son ta ba magoya bayanta kafin zaɓe, sai suka dubi zanen suka ga wuri fari ba kowa, suka ce asara ce. Suka ɗauko wani mai zane daga waje, wanda bai taɓa taka wurin ba, ya ɗora rula ya kasa shi gida-gida. Jan rubutuna ma bai goge ba, ta kansa ya bi. Sauran filayen da suka rage bayan manya sun zaɓa aka zuba lambobinsu a ƙwarya, talakawa suka sa hannu.

Ina sauke kaya Isufu ya zo da gudu, yana haki, fuska kamar an kunna fitila. "Topo! Na samu! Zo ka gani!"

Ya kai ni. Tsakiyar tsakiya. Idan ka tsaya a filinsa ka dubi arewa, bakin gadar nan yana kallon ka kamar bakin bindiga.

Na ce, "Mushe, kada ka gina nan."

Murmushin bai tafi nan take ba. Ya ce, "Wasa kake."

"Ka taɓa ganin na yi wasa da nibo a hannu? Ka nemi musanya."

Ya nema. Wa zai ba shi? Masu filayen gefe sun ji abin da na faɗa a gindin gawo, sun yi dariya a ranar, amma ba wanda ya yarda ya matsa. Na tafi wurin Malam Nomau da kaina, na same shi a rumfarsa yana auna aya. Na roƙe shi ya ɗaura auren ko da a ɗakin haya ne, a jira wani rabon.

Ya ce, "Topo, hukuma ta ba yaro wuri, da takarda da hatimi. Kai ka fi hukuma?"

"A wannan, Malam, na fi ta."

Ya yi dariya ya cika mini aljihu da aya. "Na ba da magana gaban mutane. Bango na ce, bango nike jira."

Isufu ya gina. Ban ga laifinsa ba, har yau ban gani ba. Idan ya tashi daga lakol sai ya tuɓe riga ya shiga kwaɓa, malamin da hannunsa bai san komai ba sai alli. Na ce masa ya ɗaga daɓen ɗakin, ya sa dutse a gindin bango. Ya ɗaga iya ƙarfinsa, dutse kuwa a ƙasarmu sai mai mota. Ɗaki biyu ya yi da ɗan zaure, ya rufa da kwano, ya sayo ƙofar ƙarfe ya shafa mata shuɗin fenti. Zinaru takan biyo ta wurin da ƙawayenta wai za su ɗebo itace, alhali ba itace a kudu. Aka ɗaura aure bayan zaɓe. Na shiga ɗakin da aka yi jere, kwanoni da tasoshi tun daga ƙasa har rufi suna ƙyalli, gado mai rumfa, turare yana tashi. Duk littattafan da na karanta ban ga ɗakin da ya kai shi ba. Damina ta farko ta zo da sauƙi, ruwa ya ratsa tsakar gida ya wuce. Mutane suka riƙa tare ni a kasuwa suna cewa, "Topo, ina ruwanka? Ko ya ɓata hanya?"

Ta biyu ce ta zo da shi. Ranar kasuwar garin ce, ina nan. Tun safe arewa ta yi baƙi ƙirin, can aka fara zubawa kafin a iso gari. Bayan azahar ruwan gonaki ya sauko. Na tsaya a kan gada cikin ruwan sama ina kallon sa yana fita ta ƙarƙashin ƙafafuna, ja wur, da karan gero da matattun kaji, ya miƙe ɗoɗar ya bi shuɗin layina kamar shi ma ya ga taswirar. Ginin ƙasa ba ya faɗuwa da ƙara. Gindinsa ne yake jiƙa, ya yi laushi, sai ka ga bango ya durƙusa a hankali kamar raƙumi. Haka suka riƙa durƙusawa ɗaya bayan ɗaya. Ramukan da aka tona don tubali suka cika suka ɓace, mutum yana tafiya sai ya nutse. Na hango Isufu, ruwa a ƙirjinsa, Zinaru a kafaɗarsa da tsohon ciki, yana laluben ƙasa da ƙafa. Maza suka yi sarƙa da hannuwa aka jawo su kan kwalta. Suna isowa ɗakin ya zauna. Tasoshin jere suka fito ta inda ƙofa take, suna yawo a kan ruwa suna juyi.

Allah ya tsare rayuka a ranar. Dabbobi da hatsi da gidajen tsakiya kam sun tafi. Wanda ya tambaye ni ina ruwana yana tsaye kusa da ni a kan gada, bai dube ni ba, ni ma ban dube shi ba.

Aka zuba mutane a azuzuwan lakol, da yake hutu ake. Ni kuwa na koma buro na zaro tsohon zanen tudun, na kakkaɓe shi. Na ce yanzu kam ba mai gardama, a ba waɗanda ruwa ya ci filaye a can, Isufu a kusurwarsa mai kallon gabas. Ina cikin gyara shi sai ga Alhaji Mati, direbansa yana biye da zabi a ɗaure.

Ya zauna, ya jajanta, ya ce abin Allah ne. Sai ya hango zanen a kan tebur, fuskarsa ta washe. "Yawwa. Dama shi na zo nema. Ina so ka kafa mani borni a tudun nan, ka fitar da tituna yadda ka zana, ba abin da za a canza."

Na ce, "Komite ya yarda ke nan?"

"Wane komite? Wurin nawa ne, Topo. Na saye gonakin."

Na ajiye fensir. "Yaushe?"

"Tun satin da ka nuna muna taswira. Masu su sun gaji da su, ba su ba da ko damin kirki."

"Alhaji, ka yarda da abin da na faɗa ke nan a ranar."

"Ƙwarai. Ni ban taɓa shakkar aikinka ba."

"Ka yarda, ka ɗaga hannu wa kwari?"

Ya dube ni da mamaki na gaskiya, kamar na tambaye shi abin da yaro ya sani. Ya ce, "Jama'a kwari suke so. Ni shugabansu ne, in saɓa masu?"

Na ce ya ba waɗanda gidajensu suka rushe, ko da gefe ɗaya ne. Ya ce ai ƙofa a buɗe take, duk mai so ya zo a yi ciniki, zai sassauta. Na san abin da sassaucinsa yake nufi ga malamin lakol da ya rage da riga ɗaya. Na naɗe zanena na jefa a akwati na kulle. Na ce direba ya kwashe zabinsa. Abin da na faɗa wa Alhaji bayan haka ba zan rubuta shi ba, ya dai fita yana cewa Allah ya huci zuciyata, da muryar nan tasa mai sanyi. Bai rasa komai ba. Ya riga ya ga inda farin yake, wanda zai kafa masa borni kuwa ba ya wuyar samu.

Wannan shi ne abin da na'urarku ba za ta gaya muku ba. Na yi zane mai kyau, mafi kyau a duk aikina, mutum ɗaya ne ya karanta shi, shi ma don kansa.

Malam Nomau ya ce Zinaru ta dawo gida ta haihu, ta zauna har mijinta ya sake yin bango. Isufu kuwa ya nemi a mayar da shi wata ƙaramar lakol a ƙauye, can bayan Gangara, inda mutanen gari suka yi alkawarin ɗakin kara ga duk malamin da ya yarda ya zo. Kowa ya ɗauka shi kaɗai zai tafi. Da safen da zai tashi, bayan ta haihu an yi suna, na je sallama, na tarar an ɗora kwanon rufi da aka tsamo daga laka a kan amalanken shanu, da shuɗiyar ƙofar a sama. Zinaru tana zaune a kan ƙofar, jaririya a goye, ƴan tasoshin da aka tsinto a ƙulle cikin zane. Ubanta yana tsaye yana faɗa, yana cewa ɗakin kara ba bango ba ne.

Ta ce, "Baba, na zauna cikin bango, na gani."

Sai ta juyo wurina. Ba ta taɓa yi mini magana kai tsaye ba sai ranar. Ta ce, "Topo, garin nan da za mu, ka san shi a takardarka?"

Na ce na san shi, na duba jiya.

"A tudu yake ko a kwari?"

"A tudu, Zinaru. Lakol ɗin ma a ƙololuwa take."

Ta gyara goyo ta ce, "To, Mushe, hau mu tafi."

Mai amalanke ya kora shanu. Hanyar ƙauyen ta gindin tudun Alhaji ta bi, inda leburori suke ta shafa wa sababbin borni farar ƙasa, jere-jere har sama. Isufu ya bi su da kallo har wuyansa ya juya. Ita ko sau ɗaya ba ta waiwaya ba.